Labarin Alfred Buchi, Mutumin da Ya Sa Hayaƙi Aiki

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, ba ka ganin daji sai dai ɗorawa da kuka da gawo a tsakankanin shuka, ya san yadda hanya ta kan zama in kaka ta yi. Manyan motoci su kan fito daga Dambatta da Kunci da Tsanyawa da Bichi, an labta musu buhunan gero da dawa da wake da gyaɗa, sun nufi kasuwar Dawanau. In mutum ya tsaya a bakin hanya ya kasa kunne sa'ad da direba ya taka mota a kan tudu, zai ji wata 'yar siririyar ƙara kamar fito tana fitowa daga cikin rugugin injin. Makanikai suna kiran abin da ke yin fiton nan turbo. Girmansa bai fi na ƙaramin tulu ba, amma in ya lalace motar nan mai ɗaukar buhu ɗaruruwa sai ta koma tana rarrafe, tana turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi. Labarin mutumin da ya fara tunanin wannan abu za mu bayar, gama ya cancanci a san shi, ko da shi ke da wuya ka sami direba ɗaya cikin dubu wanda ya taɓa jin sunansa.

Sunansa Alfred Buchi. Kada 'yan'uwanmu na Bichi su ga rubutun su ce ɗan garinsu ne, domin harafin nan na tsakiya mutanen ƙasarsu daga maƙogwaro su ke fitar da shi, kamar yadda malamai ke karanta harafin kha na Larabci. An haife shi ran 11 ga watan Yuli, shekara ta 1879, a garin Winterthur cikin ƙasar Suwizalan. Ƙasa ce 'yar ƙarama mai duwatsu a tsakiyar Turai, ba ta da bakin teku, ba ta da gawayin ƙasa na a zo a gani, ba ta da man fetur. Mutanen da ke sayen makamashi da kuɗi daga waje lalle ne su iya tattalinsa, shi ya sa maƙeran ƙasan nan suka yi suna wajen ƙera injuna masu yin aiki da yawa da mai kaɗan. Ubansa, Johann Buchi, babba ne a kamfanin Sulzer, wanda ya ke shi ne gidan ƙira mafi girma a garin. Watau dai yaron a bakin maƙera ya buɗe ido.

Akwai wani abin mamaki game da shekaran nan ta 1879. Cikinta ne wani saurayi Bajamushe, Rudolf Diesel, ya zo Winterthur ya yi 'yan watanni yana koyon aikin hannu a gidan Sulzer. Shi ne daga baya ya ƙago injin da ke cin man da mu ke kira gas ko dizal, irin wanda ba ya bukatar tartsatsi, sai dai a matse iska ƙwarai har ta yi zafi, a fesa mata mai, ya kama da kansa. Sulzer suka ƙera injinsu na farko irin wannan cikin 1898. A babban bajekolin birnin Paris na 1900 har an nuna wani ƙaramin injin dizal yana tafiya da man gyaɗa, shekara goma sha biyu kafin gyaɗar Kano ta fara cika jirgin ƙasa zuwa Ikko.

Buchi ya shiga babbar makarantar fasaha ta Zurich cikin 1899, inda shahararren malamin nan Aurel Stodola ke koyar da ilmin injuna masu farfela, waɗanda tururi ke juyawa. Ya fita da shaidar injiniya cikin 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano. Sa'an nan ya tafi yawon neman sani, ya yi aiki a Beljiyam da Ingila wajen shekara biyar. A can ne ya zauna da injin dizal ya dube shi da idon basira, ya ga abu biyu da suka dame shi.

Na farko shi ne ƙarancin iska. Wuta ba ta ci sai da iska, kowane ɗan maƙeri ya san haka, gama shi a ke sa wa ya zauna bayan zugazugi. In ka tula gawayi ba ka zuga ba, hayaƙi za ka samu, ƙarfe kuwa ba zai yi ja ba. To, haka injin ya ke. Fistin ya kan sauka cikin silinda ya zuƙo iska, amma ba ya iya zuƙo fiye da cikin silindan nan. In an ƙara mai ba a ƙara iska ba, sai man ya fita baƙi ƙirin bai ƙone ba. A zamanin, wanda ke son ƙarfi biyu sai ya gina injin mai girma biyu, ga nauyi ga tsada. An san dabarar ɗaura wa injin wata fanka mai tura masa iska, amma injin ne da kansa ke juya ta, sai ta cinye wani kashi na ƙarfin da ta kawo, kamar ɗan ƙodagon da ke ci daga cikin abin da ya noma.

Na biyu shi ne hasara. In aka kasa ƙarfin da ke cikin mai kashi uku, kusan kashi ɗaya ɗungum ta bututun hayaƙi ya ke fita, da zafinsa da hucinsa, ya bi iska a banza. Buchi ya haɗa matsalolin nan biyu ya ga ashe ɗaya maganin ɗaya ce. A sa farfela a kan hanyar hayaƙi ya juya ta kafin ya fita, ita kuma ta juya wata farfela da ke tura sabuwar iska cikin injin. Hayaƙin da a ke zubarwa shi zai zama ɗan zuga. Ran 16 ga Nuwamba 1905 ofishin rajistar ƙirƙira na Jamus ya karɓi wannan dabara da sunansa, lambar takardarsa 204630. Yana da shekara 26 a lokacin.

Zanen da ke cikin takardan nan bai yi kama da turbo na yau ba. Ya jera na'urar matse iska, da injin, da farfelar hayaƙi, duk a kan sanda ɗaya, kowace farfela kuma hawa-hawa ce. Amma asalin maganar yana ciki, har da sanyaya iskar da aka matse kafin ta shiga silinda, domin iska in an matse ta sai ta yi zafi ta kumbura, sai an sanyaya ta sa'an nan mai yawa za ta shiga wuri kaɗan.

Daga samun takarda zuwa ganin abin yana aiki sosai, shekara ashirin Buchi ya yi. Ya komo gida, ya shiga aikin Sulzer cikin 1909 a sashen binciken injunan dizal, aka kafa masa wurin gwaji cikin 1911, ya yi ta gwadawa har zuwa 1915, abin yana ba da ƙarfi kaɗan yana ba da wahala da yawa. Ba tunaninsa ne ya karkace ba, kayan aikin zamaninsa ne ba su kai ba tukuna. Hayaƙin injin dizal mai jan kaya ya kan kai zafin digiri 500 har zuwa 700, ruwa kuwa a digiri 100 ya ke tafasa. Ƙarfe in ya yi ja sai ya yi laushi, ga shi kuwa ana so ya riƙa juyawa sau dubbai cikin minti guda, ƙarfin juyin yana fizgar fukafukansa waje. Sai su miƙe, ko su tsage, ko su goga jikin gidansu.

Akwai kuma wani lissafi mai ɗaci wanda ya kamata masu son darasin lissafi su lura da shi. A ce farfelar hayaƙi tana kama kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da ya iso mata, mai tura iska kuma tana mai da kashi 70 na abin da aka ba ta ya zama matsi. Saba'in na saba'in 49 ke nan, fiye da rabi ya salwanta. In kowaccensu ta faɗi zuwa 60, saura 36 kaɗai. Farfelan nan kuwa tana tare wa hayaƙi hanya, sai fistin ya yi ta faman tura shi waje. In matsin iskar da ke shiga bai fi matsin hayaƙin da aka tare ba, an yi aikin baban giwa. Wannan ne ya sa sa'ad da Buchi ya nemi kamfanin Brown Boveri na garin Baden, gwanayen ƙera farfela, su haɗa hannu da shi cikin 1915, suka duba suka ga ba riba, suka ƙi. A ganina bai kamata a zarge su da yawa ba, gama bisa ga farfelun da a ke iya ƙerawa a ranar, lissafinsu bai yi ƙarya ba.

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Farko ya sa waɗansu suka bi ta wata ƙofa. Jirgin sama in ya yi nisa a sama sai iska ta yi masa shara-shara, injin ya riƙa haki. Wani Bafaranshe, Auguste Rateau, ya gwada farfelar hayaƙi a injunan jiragen yaƙi na Faransa wajen 1917. A Amurka kuma Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgin sama kan dutsen Pikes Peak cikin 1918, tsawonsa ya ɗara ƙafa 14,000. Injin da ke ba da ƙarfin doki wajen 350 a ƙasa ya faɗi zuwa 230 a kan dutsen, da aka ɗaura masa turbo ya ba da 356. Saboda haka ba daidai ba ne a ce Buchi kaɗai ya yi aikin. Amma shi ne ya riga su rubuta dabarar, shi ne kuma ya nace a kan injin dizal, mai ɗaukar kayan duniya.

Sa'arsa ta zo daga teku, shi da ƙasarsu ba ta da teku. Bayan yaƙi an yanke lardin Gabashin Prussia daga sauran ƙasar Jamus, aka ba Polan ƙasar da ke tsakani, sai Jamusawa suka bukaci jiragen ruwa masu kai mutane can ta Tekun Baltik. Cikin 1923 gwamnatinsu ta ba da aikin jirage biyu, Preussen da Hansestadt Danzig, aka ƙera su a Stettin, suka fara aiki cikin 1926. Kowanne yana da injin biyu masu silinda goma goma. Da aka sa musu turbo bisa ga tsarin Buchi, kowane injin ya tashi daga ƙarfin doki 1,750 zuwa 2,500, ƙarin ya ɗara kashi 40 cikin 100, ba a ƙara masa ko silinda ɗaya ba. Brown Boveri ma a lokacin sun sake shawara, har sun fitar da babban turbo nasu na farko cikin 1924.

Amma abin da ya fi nuna zurfin hankalin mutumin nan shi ne dabarar da ya yi wa rajista cikin 1925, ita ce kuwa ta shafi yadda hayaƙi ke isa ga farfela. Hayaƙin injin ba ya gudana sumul kamar ruwan rafi. Bugu-bugu ya ke fitowa, duk sa'ad da bawul ɗin wani silinda ya buɗe sai ya yi tsartuwa da ƙarfi, sa'an nan ya lafa. Masu ƙera farfela sun saba da tururi mai zuwa daidai wa daida, don haka hanyar da aka fara bi ita ce a tara hayaƙin dukan silindoji cikin wani babban bututu kamar randa, bugun ya kwanta, kana a sake shi ga farfela a hankali. Farfela tana jin daɗin haka, amma ƙarfin bugun nan ya mutu a cikin randa. In kuma injin yana tafiya sannu, randar ba ta cika, turbo sai ya yi barci.

Buchi ya ce a bar bugun ya isa da ransa. A yi bututu siriri, gajere, daga silinda zuwa farfela. Sai dai a nan akwai tarko: in silinda biyu suka buɗe cikin bututu ɗaya lokaci guda, bugun ɗaya zai danne ɗaya, ya mai da masa hayaƙinsa ciki. Wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya fahimci maganin. Kowace taɓarya tana da lokacinta, wannan na sauka waccan na tashi, in biyu suka sauka tare sai su yi karo. Cikin injin mai bugu huɗu, karanshaf ya kan zagaya sau biyu kafin silinda ya fitar da hayaƙi sau ɗaya, fitarwan nan kuwa tana cin kamar sulusin lokacin. Ashe ke nan silinda uku suna iya tarayya a bututu ɗaya ba tare da sun yi karo ba, muddin an zaɓi waɗanda lokacinsu ya rabu daidai. Injin babbar mota mai silinda shida ya kan tashi bi da bi kamar haka: 1, 5, 3, 6, 2, 4. Sai a haɗa 1 da 2 da 3 a bututu ɗaya, 4 da 5 da 6 a ɗayan, kowane bututu da ƙofarsa ta shiga gidan farfela. In kuka sami dama ku leƙa turbo da aka kwance a garejin makanikai, sau da yawa za ku ga bakinsa na hayaƙi an raba shi biyu da ɗan bango a tsakiya. Dalilin ke nan.

Ribar ba ta tsaya nan ba. Tsakanin bugu da bugu matsin da ke cikin siririn bututun ya kan faɗi ƙasa da matsin sabuwar iska. Buchi ya sa a bar bawul na shiga da na fita a buɗe tare na ɗan lokaci daidai wannan tsakani, sai sabuwar iska ta ratsa silinda ta share sauran hayaƙi, ta sanyaya kan fistin da bawul, har ta rage wa farfelar kanta zafi. Watau matsalar zafin ƙarfe da ta hana shi barci a Sulzer, ya rage ta da iskar da turbo ɗin ya kawo da kansa. Dabarar tana da nata aibi, gama farfelar da a ke bugu ana saki ba ta aiki da kyau kamar wadda a ke turawa daidai, shi ya sa manya-manyan injunan jiragen ruwa na yau, masu tafiya kwana da kwanaki da gudu ɗaya, suka koma ga tsarin randa. Amma mota mai tsayawa da tashi da hawan tudu, bugun nan ta ke so.

Cikin 1926 aka kafa wata ƙungiyar ciniki da sunansa, shi da Brown Boveri da kamfanin ƙera kawunan jirgin ƙasa na Winterthur, suka riƙa sayar da izinin amfani da tsarinsa ga maƙeran injuna na ƙasashe da yawa. Jiragen ruwa da jiragen ƙasa da injunan ba da lantarki su suka fara amfana, gama babban turbo ya fi sauƙin ƙira bisa ga ƙarami. Cikin 1938 makarantarsa ta Zurich ta ba shi digirin dakta na girmamawa, a shekaran nan kuma kamfanin Saurer na Suwizalan ya sa turbo a injin babbar mota. Kamfanin Volvo na Suwidin ya fitar da tasa motar cikin 1954, ƙarfinta ya tashi daga doki 150 zuwa 185.

Ƙaramin turbo na mota ya sha bamban da na jirgin ruwa. A na jirgi hayaƙi ya kan ratsa fukafukai ya wuce miƙe. A na mota gidan farfela naɗe ya ke kamar katantanwa, hayaƙi ya zagaya yana ƙara gudu domin hanyar tana ƙuntata, ya afka wa farfela daga gefe, ya fita ta tsakiya. Farfelar da gamin ƙarfen nikel a ke zuba ta don ta jure wuta, ta kan juya wajen sau 100,000 cikin minti guda a babbar mota, a ƙananan motoci har ta wuce 200,000. Mai zanen gidan nan kullum yana tsakanin abu biyu. In ya ƙuntata maƙogwaron, turbo zai farka da wuri, amma in gudu ya yi gudu sai ya shaƙe injin. In ya faɗaɗa shi, injin zai numfasa a guje, amma direba zai taka ya jira kafin ƙarfi ya zo. Waɗanda suka zo bayan Buchi suka ƙara wata 'yar ƙofa mai zubar da rarar hayaƙi ta gefe, daga baya kuma suka yi waɗansu fukafukai masu motsi da ke ƙuntata hanyar ko su buɗe ta gwargwadon bukata.

A ƙasarmu abin yana da amfani na musamman, yana kuma da abokan gaba na musamman. Zafin bazara, sa'ad da awo ke haura digiri 40, ya kan sa iska ta yi shara-shara, haka kuma hawan Jos, turbo kuwa yana cike wannan giɓi. Amma ƙurar hunturu in ta sami hanya ta wuce matatar iska, sai ta riƙa cin fukafukan kamar yadda dutsen wasa ke cin lauje. Sandar da ke haɗa farfelun nan biyu kuma a kan ɗan siririn baƙin mai ta ke shawagi, ba ta taɓa ƙarfe. Direban da ya iso Dawanau da mota ta ɗau zafi ya kashe ta nan take, ya tsai da man alhali ƙarfen yana ja, sai man da ya rage ya ƙone ya daskare a ciki. Tsofaffin direbobi da ke barin mota ta yi 'yan mintoci tana aiki a tsaye kafin su kashe, su ke da gaskiya. Injin niƙa na ƙauye da ƙananan injunan ban ruwa na fadama ba su da turbo ko kaɗan, don haka ba su da wannan fitina, sai dai ga girmansu ba su da ƙarfin a zo a gani.

Jiragen nan biyu da suka fito da sunan Buchi ba su yi kyakkyawan ƙarshe ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi aka mai da su masu shuka nakiya a teku, ran 9 ga Yuli 1941 kuwa suka faɗa cikin nakiyoyin da Suwidin ta shuka kusa da tsibirin Oland, suka nutse rana ɗaya. Shi kuwa ya yi sauran kwanakinsa yana gyaran tsarinsa yana ƙara neman takardun rajista. Ya rasu ran 27 ga Oktoba 1959 yana da shekara 80, saura shekara uku kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da ƙananan motoci masu turbo, cikin 1962.